Shawarwarin kafintoci kan bindigar ƙusa mai aiki da iska

A wata tattaunawa da kafintoci suka yi, kunamar bindigar ce ta fi ɗaukar lokaci. Galibi sun fi yarda da irin wadda sai an danna bakinta jikin katako kafin a ja. Wadda ke harbi da zarar baki ya taɓa abu takan saki ƙusa ta biyu ba shiri, ta huda hannu ko cinya, kuma a ganina bai kamata a ba ɗan koyo ita ba.

In ƙusa ta maƙale, a cire tiyon iska tukuna. Hannun da ke riƙe katako ya yi nisan santimita 30, domin ƙusa kan kauce in ta haɗu da ƙulli. Tabarau na kariya dole ne. Iskar kwamfuresa, wato injin matsa iska, kaɗai ake jonawa, ban da tukunyar oksijin, don tana iya fashewa.