Wa ya bi hanyar Devil's Peak tun bayan gobarar 2021?

Sabon ɗalibi: Assalamu alaikum. Ban daɗe da zuwa Cape Town karatu ba. Abokai na so mu tashi daga Rhodes Memorial, mu bi ta King's Blockhouse, mu haura kwazazzabon Newlands, mu tsallaka ta mashigar da ke tsakanin duwatsun Devil's Peak da Table Mountain. An ce wuta ta cinye wannan gefen. Waɗanda suka bi, yaya kuka same shi?

Ɗan Zazzau: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ina gari aka yi ta, ranar 18 ga Afrilun 2021, muna cikin azumi. Iska ce ta kwaso wutar daga gangaren dutse ta watsa cikin jami'ar Cape Town, wato UCT. Ɗakin karatu na Jagger ya ƙone da tarin littattafai kan Afirka, aka kwashe ɗalibai daga ɗakunan kwanansu. Da aka buɗe hanya na hau. Ƙasa baƙa ƙirin, ƙauri har cikin maƙogwaro, toka ta shige safa. Amma ko a lokacin, kore ya fara leƙowa daga gindin kututture.

'Yar Maradi: Ni a Nuwamban shekarar na je, bayan ruwan hunturunsu. Wallahi ban yarda nan ne wurin da na gani a hotuna ba. Furen watsonia, ruwan hoda, ya rufe gangare. Wata mai binciken tsirrai da ke cikinmu ta ce wannan daji, fynbos, da wuta yake sabuntawa. Wasu nau'in tsiron da ake kira protea na riƙe irinsu a jikin reshe shekara da shekaru, sai wuta ta wuce su sake shi. Wasu iri kuma suna kwance a ƙasa, sai hayaƙi ya taɓa su suke tsira. Na tuna tohon da ke fitowa bayan an ƙona daji a gida. Matsala, in ji ta, ita ce wutar da ta dawo kafin tsiro ya girma ya yi iri.

Ɗan Zazzau: Haka ne, Hajiya. Mugun abin itatuwan pine ne da Turawa suka kawo. Wutarsu ta fi zafi, kuma wanda ya ƙone yana tsaye ba a yarda da shi ba. Kada ka zauna ƙarƙashinsa shan ruwa.

Malamin asibiti: Ni rana ce ta ba ni wuya. Daga Rhodes Memorial zuwa Blockhouse hawa ne tsaye, ba inuwa ko ta sisin kwabo sai da muka shiga kurmin Newlands. Inda saiwa ta ƙone, ƙasa na zamewa, tsakuwa na gangarowa kan na bayanka, don haka ku bar tazara. A mashigar kuwa iskar kudu maso gabas ta kusa kayar da ni, gajimare ya rufe mu nan take. Ka saka rigar sanyi a jaka ko da gari ya waye da zafi.

Sabon ɗalibi: Na gode ƙwarai. Mu uku ne, ya isa?

Malamin asibiti: Ku nemi ƙari in da hali, 'yan fashi na tare mutane a wasu hanyoyin dutsen. Ku fita bayan asuba, kowa da ruwa lita 2, lambar agajin gaggawa a waya.

'Yar Maradi: Kuma kada ku yanke hanya don neman hoto. Ƙananan tsiron nan, taku ɗaya ke kashe su.