Bazawara mai 'ya'ya: wa shari'a ta ba riƙon yara, kuma wa zai ciyar da su?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da mutuwar aurena, ina zaune a Kano da 'ya'yana, namiji mai shekara bakwai da mace mai shekara huɗu, kuma da kuɗin ɗinki nake ciyar da su. Ubansu bai taɓa aiko da ko mudun shinkafa ba, amma makon jiya ya turo yayarsa ta shaida mini cewa yaron ya isa komawa gidansu. Ga kuma matsalar muhalli, domin masu gida uku sun hana ni haya. Na ƙarshen ya dubi yaran, ya dube ni, ya ce ba ya ba mace marar miji ɗaki. Shin shari'a ta ba uban ikon karɓe yaron? Kuma akwai dokar da ta hana irin wannan wariya?

Ɗalibin Fiƙihu:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya kawo mafita. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'ar Musulunci na Arewa suke hukunci da ita, uwa ce ta fi cancanta da riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuwa har ta yi aure ta tare, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid. Batun shekara bakwai na wasu mazhabobi ne da kuma al'ada. Ci da sha da sutura duk suna wuyan uba, ko da yaran suna hannunki. Sai dai ki sani, idan kika auri wanda ba muharramin yaran ba, riƙon zai bar hannunki, amma mahaifiyarki ce ta farko a layi, ba uban ba.

Lauya Mai Zaman Kansa:
Hajiya, ki shigar da ƙarar neman kuɗin ciyarwa a kotun shari'a mafi kusa da ke, ki tafi da takardar saki da rasitan makaranta da na asibiti, domin alƙali yana yanke adadin ne gwargwadon samun uban. Idan ba ki da halin ɗaukar lauya, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana taimakawa. Tarayya ta yi Dokar Haƙƙin Yara tun 2003, amma sai a 2023 Kano ta samu tata dokar kare yara. Maganar haya ta fi wuya: sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta wariya saboda jinsi, sai dai ya fi shafar dokoki da ayyukan gwamnati, ba mai gidan da ya ce ɗakinsa ne ba.

Inna Mai Ƙosai:
'Yata, ni ma haka na raini huɗu. Abin da ke ba ni takaici shi ne, namijin da ya saki mata uku ba mai tambayarsa dalili, amma bazawara ko unguwa ta fita sai an ƙirga takunta. Gwamnati kuma maganin da ta fi sani shi ne aurarwa: a 2012 Hisbah ta fara auren zawarawa a Kano, a 2023 aka ɗaura wa mutum 1,800 aure da amarensu. Ban ƙi auren ba, amma ga shi malam ya ce sabon aure na iya raba uwa da 'ya'yanta, alhali uban da ya guje wa ciyarwa yana yawonsa. A 2017 Sarki Muhammadu Sanusi II ya kawo batun dokar iyali, aka yi masa ca.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Takardar sakin tana wurin kawuna, gobe in sha Allahu zan je in karɓo ta.