Muhawara: Shin aron suna na maganin ɓatan laburare a Linux?

Bello: Assalamu alaikum. Mun ɗaga kwamfutar shagonmu na Mabera daga Ubuntu (wani nau'in Linux) 20.04 zuwa 22.04, sai manhajar lissafi ta ƙi tashi, tana cewa ba ta ga libssl.so.1.1 ba, wato wani laburare, fayil ɗin ayyukan da manhajoji ke dogara da shi. An ba ni shawarar in yi mahaɗi da umarnin ln -s, wato fayil mai wannan suna da zai riƙa nuna libssl.so.3, sabon laburaren da ke cikin 22.04, wai shi ke nan.

Aminu: Wa alaikumus salam. Shawarar daidai ce, domin laburaren ɗaya ne, lambar ƙarshe kawai ta canza, kuma na sha yin haka da wasu laburare manhaja ta tashi.

Malama Hadiza: Malam Aminu, ban yarda ba. Ba a canza wannan lamba sai sabon laburaren ya daina dacewa da manhajojin da aka harhaɗa (wato aka gina) da tsohon, kuma abin da ya faru ke nan da OpenSSL, wadda libssl ɓangarenta ne, ta fitar da siga ta 3.0 a 2021. Ko an yi mahaɗin, manhajar za ta nemi ayyuka masu hatimin OPENSSL_1_1_0, wato alamar sigar tsohon laburaren, ta rasa, ta sake tsayawa. Laburaren da ba shi da irin wannan hatimi ya fi haɗari, domin manhaja na iya tashi lafiya ta faɗi a tsakiyar aiki.

Malam Umaru: Ku fara da umarnin ldd a kan manhajar, zai jero abin da take nema da wanda ba a samu ba. Sau da yawa fayil ɗin na nan a /usr/local/lib, ba a dai gudanar da ldconfig, umarnin da ke sabunta jerin laburaren da injin ya sani, ba ne, ko kuma yana wani wurin da sai an sa shi cikin LD_LIBRARY_PATH, jerin ƙarin wuraren da ake neman laburare. Amma a matsalar Malam Bello fayil ɗin ba ya kan injin, don haka waɗannan ba za su amfane shi ba.

Aminu: To, ya ɗauko kunshin libssl1.1 na 20.04 ya girka, tunda sunayen tsohon laburaren da sabon ba sa karo.

Malama Hadiza: Wannan zai yi aiki, sai dai masu OpenSSL sun daina tallafa wa 1.1.1 kyauta tun Satumban 2023, kuma laburaren tsare bayanai ne, ga manhajar ta kuɗi ce.

Bello: Asalin rubutun manhajar ba ya hannunmu balle mu sake harhaɗawa. Zan nemi wanda ya sayar mana ya kawo wadda aka harhaɗa da libssl.so.3, kafin nan in girka tsohon kunshin in cire injin daga intanet.