Hilux ta gida ko Navara 'yar Kwatano: wacce ke wuce gwajin lafiyar mota ba wahala?

Mai Hatsi: Assalamu alaikum. 'Yan'uwa shawara nake nema kafin Asabar, don dillali ya ce ba zai riƙe mini ba bayan nan. Na samu aikin kai wa wani kamfanin abincin kaji masara da waken soya daga Saminaka zuwa Abuja. Sharaɗinsu, duk motar da za ta shiga harabarsu sai tana da takardar lafiyar mota ta gwajin kwamfuta, wato wadda aka hau da motar kan na'ura da gaske, kuma a sabunta duk shekara. Motoci biyu ke gabana. Hilux 2012 mai fetur, inji 2.7, ta kamfani ce aka yi gwanjonta, ta ci hanya sosai, kuma an ƙara mata sifirin a baya. Ɗayar Nissan Navara D40 ce 2010 mai gas, shigowarta ke nan daga Turai, fenti tas, ta fi Hilux ɗin sauƙi da wajen miliyan 4. Ba shan mai nake tambaya ba, ba gudu ba. Wacce ce ba za ta riƙa faɗuwa a gwaji ba?

Ɗan Tasha: Wa'alaikumus salam. Hilux dai Alhaji. Amma 2.7 shan fetur take kamar me, ka shirya aljihu.

Abu Lodi: Masara a a-kori-kura? Malam ka nemi Canter ka huta.

Oga Bakanike: Mutum ya ce ba mai yake tambaya ba, ku riƙa karantawa. Alhaji, na'urar ba ta san sunan mota ba, abu kaɗan take aunawa. Za a ɗora tayoyin gaba kan wasu ƙarafa masu juyawa a taka birki, sannan na baya, sannan a ja hambirki. Za a girgiza ƙafafun motar a ga inda ke rawa. Za a haska fitila a kan ma'auni, a sa tiyo a salansa a auna hayaƙi, wani kuma ya shiga rami ya duba ƙarƙashi da tocila. A-kori-kura, ko wane kamfani ya ƙera ta, birkin baya ne ke yawan kayar da ita. A waɗannan motocin biyu gaba faifai ne, baya kuwa durom, kuma babu mai buɗe durom sai ya fara ƙara. Sil ɗin aksul ya saki, man giya ya zubo cikin durom ya jiƙa lainin, gefen nan ya daina kamawa. Direba ba zai ji ba don gaba na tsayar da shi, amma na'ura za ta nuna hagu da dama ba daidai suke ba. A ƙa'idar Turai in bambancin ya wuce kashi 30 cikin 100 mota ta faɗi. Kuma lainin da ya sha mai ba ya wankuwa da fetur, canza shi ake, duka gefe biyun tare, bayan an canza sil ɗin.

Sifirin da aka ƙara wa Hilux ɗin nan shi ya fi damuna. In ba mai ABS ba ce, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, akwai wani ɗan bawul a shasi ta baya, da sanda siririya da ta haɗa shi da aksul. Aikinsa in mota ta zauna da kaya ya ƙara wa baya birki, in babu kaya ya rage. Da ka ƙara ganyen sifirin baya ya ɗaga, bawul ɗin kullum ganin yake ba kaya, sai ya hana baya birki ko da buhu goma sha biyar a kai. Dole a sake saita sandar. Ɗagawar bayan kuma tana kifar da fitilar gaba ƙasa, ita ma a saita.

Ɗan Panteka: Saitin lainin na baya da sil biyu da man birki, dubu 45 ya ishe ka.

Maman Hanif: Dubu 45 a ina? Motoci shida nake kula wa ofishinmu, lainin na asali kaɗai ya wuce haka a Apo. Sai dai in na kwali mai kyau ciki ba komai kake nufi.

Ɗan Panteka: Hajiya kuɗin Abuja daban. Ki aiko Ƙofar Ruwa ko nan wurinmu ki gani.

Baba Mai Walda: Ku bar maganar lainin, lainin kuɗi kaɗan ne. Alhaji, don Allah kada ka biya kuɗin Navara ɗin nan sai ka shiga ƙarƙashinta da guduma.

Akwai wani bawan Allah, mai sana'ar albasa, da aka jawo masa irinta garejinmu. Gona ya sayar ya haɗa da kuɗin adashin matarsa ya saye ta. Fenti na sheƙi, ƙarƙashi baƙi wuluk an fesa kwalta, dillali ya ce masa ai haka Turawa ke yi don kare ƙarfe. Bai yi wata uku ba, da buhu goma sha biyu a baya, ya faɗa wani rami, sai kan motar da bodi suka rabu daga sama, rata ta buɗe har hannu na shiga. Da aka kankare kwaltar, shasin daidai tsakanin kai da bodi ya zama ɓawo-ɓawo, sukundireba na hudawa. An ma taɓa liƙa masa gwangwanin ƙarfe tun can, aka shafe da kwalta. Dillali ya ce shi dai mota ya sayar tana tafiya. Mutumin nan zama ya yi a ƙasa a gareji yana salati, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Inji da giya aka cire aka sayar, bai samu ko kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa ba, ga bashin albasar da ta ruɓe a hanya.

Kuma ba ƙaddarar shi kaɗai ba ce. D40 an san ta da wannan ciwon a Ingila, har kamfanin Nissan ya riƙa duba wa masu ita shasi, wasu ya saye motocin daga hannunsu. Gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara ne ke shiga cikin shasin, shi kuma akwati ne rufaffe, ruwa ya kwanta ciki ya ci ƙarfen daga ciki zuwa waje. Wadda ta faɗi gwaji a can, gyaranta ya fi ƙarfin kuɗinta, ita ake lodawa a jirgi. Ko Toyota ba ta tsira ba: a Amurka a 2016 ta amince da sulhun kusan dala biliyan 3.4 kan tsatsar shasin Tacoma da Tundra da Sequoia.

Yadda za ka duba: ka kai ta rami, a wanke ƙarƙashi da ruwa mai ƙarfi. Ka bi shasin da ƙaramar guduma tun daga bayan tayar gaba har wutsiya. Ƙarfe mai lafiya amo yake yi, ruɓaɓɓe kuwa dum yake cewa, ka ji ƙasa na zubowa a ciki. Ka dage a inda sifirin ya kama shasi, da saman aksul, da gefen tankin mai inda ido ba ya kaiwa. Ka zura yatsa a ramukan shasin, in ka fito da ɓawon tsatsa mai kauri, ka saka takalminka ka tafi. Lambar shasi in ta fara da VSK ƙirar Sifen ce, ta kasuwar Turai, MNT kuma ta Tailan. In dillali ya hana ka sa guduma, ya ba ka amsa ke nan.

Ɗan Tasha: Innalillahi. Allah ya mayar masa da alheri. Baba, amma ba a iya ɗaure shasin da walda ba ne? Mu a tasha har J5 da ta rabe biyu mun gani an haɗa.

Baba Mai Walda: A kan me za ka ɗora waldar, ɗana? Wuta ba ta kama tsatsa. Sai ka yanke har inda ƙarfe ke da rai, ka sa faranti mai kauri ciki da waje, kuma sai an ɗaga bodi an sauke tanki. Ko an yi, mai duba ƙarƙashi in ya san aikinsa zai tsaya a kai.

Abu Lodi: Shi ya sa dillalai ke son nuna mota bayan Magariba. Kowace mota amarya ce a lokacin.

Injiniya KD: Da girmamawa Baba, mota ɗaya ka gani aka jawo, ba a yanke wa duka hukunci da ita. Gareji ai marasa lafiya kaɗai ake kawo muku. Akwai D40 masu yawa da suka fito daga kudancin Turai inda ba a zuba gishiri, shasinsu garau. Ita kuma Hilux ta gwanjon kamfani, kun san yadda direbobi goma ke karɓa-karɓa da mota ɗaya. Abin da za a duba mata: bol-jon na sama da na ƙasa, tayarod, bushin sifirin, shokozoba in yana zubar da mai, boris na gaba. A ɗaga ta da jak, a kama taya sama da ƙasa a jijjiga, sannan hagu da dama. A ƙirga ganyen sifirin a ga ko akwai karyayye, a duba kusar tsakiya, don in ta tsinke aksul na gocewa mota ta riƙa tafiya a karkace. Sai indomi ɗin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinsa: motocin gwanjo da yawa an fasa an kwashe na ciki, kuma mai fetur in babu shi hayaƙinta zai hau a ma'auni.

Navara kuma abin da zan ji tsoro bayan shasi shi ne sarƙar cikin injinta mai suna YD25, tana miƙewa. A tayar da ita da sassafe inji a sanyaye, in ka ji kacau-kacau daga gaba, aiki ne babba. Hayaƙin gas kuwa nozul ne da matatar iska da EGR, bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin inji, in ya toshe da baƙin toka, kuma gas ɗin jarka yana kashe nozul irin nata da wuri.

Oga Bakanike: Injiniya, marasa lafiya ake kawo mana, gaskiya ne, shi ya sa muka san cutar. Kai a takarda ka karanta, shi Baba hannunsa ne cikin ƙarfen. Duk abin da ka lissafa wa Hilux da sifana ake kwance shi a ɗaura sabo cikin yini biyu. Shasi fa?

Injiniya KD: Ban ce kada ya sa guduma ba. Cewa na yi kada ya ɗauka suna Toyota zai wuce masa gwaji.

Maman Hanif: Ku biyun abu ɗaya kuke faɗa. Abin da ba wanda ya ambata: in Navara ɗin daga Ingila ta fito, sitiyarinta a dama yake, an juya shi. Mu tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama. Masu juyawa ba sa canza fitilun gaba, haskensu na karkata wajen mai tahowa, kuma wannan saiti ba ya gyara shi, sai an sayi wasu fitilun. Ka duba waifa, in ta bar gefen direba ba ta share sama ba, juyayya ce. Ka leƙa inda aka huda wa sitiyari da tukunyar birki, ka ga ko yankan gas ne. Sai taya: lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke jikin taya sati ne da shekara, 2319 na nufin sati na 23 a 2019. 'Yan Rod Sefti shekara 4 suke lissafa wa taya, motar Turai kuma sau da yawa da tayar sanyi take zuwa, zane mai kyau amma ta tsufa. Zane kada ya gaza milimita 1.6, kuma ka sa mai harafin C ta ɗaukar kaya. Ranar gwaji a cire ta daga giyar ƙafa huɗu a bar ta a 2H kafin a hau na'ura.

Mai Hatsi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To in buhu 18 zan riƙa ɗorawa, a bar ƙarin sifirin ɗin ko a cire?

Oga Bakanike: Buhu 18 tan 1.8 ke nan Alhaji. Motar nan wajen tan 1 aka yi ta, har da kai da yaron mota. Ƙarin sifirin yana hana ta zama ne kawai, bai ƙara wa boris da aksul da birki ƙarfi ba, kuma dukan ramin da sifirin ya ƙi sha shasi ne ke shan sa. Da wannan lodin duk shekara za ka sake sil da boris na baya kafin gwaji.

Abu Lodi: Ai na ce Canter, aka ce ban karanta ba.

Ɗan Tasha: Wai duk wannan wahalar ta mece ce? Ba wa yaro kuɗi da hoton takardu, yamma ta yi ya kawo maka lafiyar mota da inshora, motar na gida ba ta motsa ba. Inshora dubu 15 ce.

Maman Hanif: Dubu 15 ta motar hawa ce, tun Janairun 2023. Wadda ke ɗaukar kayan mai ita dubu 20 ce, in kuma kayan wasu kake ɗauka a biya ka wani aji ne mai tsada. Ka yi ta ajin da ba naka ba, ranar hatsari ba za su biya ko sisi ba. Takardar yaro kuwa ita ce kamfanin ya ce ba ya so. A Legas ma tun Janairun 2022 aka ce ba dubawa, ba takarda.

Ɗan Panteka: Ni abin da ke ƙona mini rai, ka yi gwajin na gaskiya ka biya, ka shiga wata jiha a ce ba su san wannan takardar ba. Daga nan sai sitika ta ƙaramar hukuma, sai ta kayan gona, sai ta lodi da saukewa. Mai takardar bogi da mai ta gaskiya duk a gefen titi ɗaya ake ajiye su.

Ɗan Tasha: Ai kotu ta hana VIO, jami'an duba motoci, tsayar da mota gaba ɗaya.

Injiniya KD: Ba gaba ɗaya ba. Babbar Kotun Tarayya a Abuja ce, Oktoban 2024, ta ce na Abuja ba su da hurumin tsayar da mota, kama ta ko cin tara. Gwamnatin Legas nan take ta ce hukuncin bai shafe ta ba don tana da dokarta. Kuma bai soke takardar lafiyar mota ba, bai taɓa 'yan Rod Sefti ba. Su za su tambaye ka tukunyar kashe gobara, da alamar tsayawa mai kusurwa uku, da safayar taya, in kuma motar haya ce har na'urar taƙaita gudu, wadda suka fara tilastawa a Fabrairun 2017.

Abu Lodi: Masu igiya da katako mai ƙusa fa, su wace kotu ce ta ba su hurumi? Tsakanin gona da kasuwa mai masara yakan biya fiye da sau biyar, rasit kala-kala, kuma babu wanda zai leƙa birkinka.

Baba Mai Walda: Wannan kam ya fi ƙarfinmu a nan. Alhaji, in za ka ramin ka tafi da gudumarka, kada ka karɓi ta yaran dillali, kuma ka je da safe.

Ɗan Panteka: Wa ya san ko sitikar kayan gona ta jiha ɗaya tana aiki a wata, ko kowace iyaka sai an sake yanka?