Neman kalma: me zan kira "kosher" a shirin gobe?

Rabi: Salamu alaikum malamai. Gobe da la'asar zan ɗauki shirin kasuwanci kan abin da ke sa kamfanonin abinci a Amurka neman tambarin kosher, kamar harafin U cikin da'ira na ƙungiyar Yahudawa ta Orthodox Union, wanda ya fara bayyana jikin gwangwanin waken Heinz a 1923. Kalmar ta tsaya mini a wuya.

Idi: Halal ɗin Yahudawa. Kuɗin da kamfanonin ke biya kuma ki ce harajin kosher.

Malam Sani: A'a Idi, duka biyun akwai gyara. Raƙumi da zomo halal ne gare mu, su ba sa ci. Ba sa haɗa nama da madara a tukunya ɗaya. Akwai ma giyar inabi mai wannan tambari. Musulmi da yawa a can suna duba shi don gudun alade, in muka ce musu halal mun ɗauki alhaki. Haraji kuwa hukuma ke ɗora shi. Nan kamfani ne da kansa ke neman a zo, don ya ƙara masu saye, shi ke biyan kuɗin shekara da na malamin da ke duba masana'anta, abin da ke faɗowa kan gwangwani ɗaya kuma bai taka kara ya karya ba. Maƙiyan Yahudawa ne suka yaɗa kiransa haraji.

Baba Ɗanjuma: Asalinta a Ibrananci "ya dace". Sai mu ce dacau. Abincin dacau, tambarin dacau.

Hadiza Maraɗi: Baba, a gafarce ni, wa ya taɓa jin dacau? A ce kosha kawai.

Baba Ɗanjuma: Kullum aro! Kosha ma mai sauraro zai ji kamar ƙoshi. Yaren da ya haifi kalmar jirgin sama ba zai gaza a nan ba.

Hadiza Maraɗi: Na'ura mai ƙwaƙwalwa ma an ƙirƙira, yau kowa kwamfuta yake cewa. Kuma in Kano ta ƙirƙiro sai a ce Hausa ce, in mu ne a ce Faransanci ya ɓata mu.

Baba Ɗanjuma: 'Yata, ni ba Bakano ba ne.

Rabi: Na gode. Zan ce kosha, a farko in bayyana: abincin da ya dace da shari'ar Yahudawa. Tambari ko hatimi?

Malam Sani: Tambari. Hatimi na takarda ne.

Baba Ɗanjuma: To. Ni dai a rubutuna dacau zan sa.