Jami'a ta ƙi karɓar hoton sakamakona, ina zan samo na asali?

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Ina aji uku a wata jami'a a Khartum lokacin da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023. Yanzu ina Jidda wurin kawuna, ina so in ƙarasa karatun ta intanet. Na zaɓi digirin da ake haɗa darussa daga fannoni daban-daban, domin zai iya ɗaukar abin da na riga na karanta: Larabci, tattalin arziki da ilimin zamantakewa. Kiredit (wato ma'aunin yawan darussan da aka kammala) 120 ake bukata, nawa sun kusa rabi.

Matsalar ita ce takardar sakamako. Hotonta kawai gare ni a waya, babu hatimi, ƙasan shafi na biyu ma ya yanke, daidai inda sa hannun magatakarda yake. Na tura wa sabuwar jami'ar da nake son shiga, suka ce sai tsohuwar makarantata ta aiko musu da kanta. Na rubuta wa ofishin magatakarda imel, ya dawo. Lambar jami'in sashenmu a kashe. Wani ɗan uwa ya bincika mini a Port Sudan, aka ce ya jira. Abin ya tsaya mini a rai, ga rajista na gab da rufewa.

Don Allah wanda ya samo takardar sakamakonsa mai hatimi daga Sudan bayan fara yaƙin, ta wace hanya ya bi?