Ina zan samu waken da ba a zuba wa magani ba?

Maman Sadiƙ, Kano:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema. Makon jiya na auno wake kwano biyu zan yi wa yara alala, ina jiƙawa sai warin fiya-fiya ya taso daga ruwan. Na wanke, na sake wankewa, yana nan. Haka na zubar, ko kaji ban bari sun ci ba. Mai awon ya rantse haka ya saro shi, kuma na yarda da shi, don buhu ɗaya yakan ratsa hannu da yawa kafin ya iso gare mu. Da tsadar nama a yanzu, wake ne abincin gina jikin yarana. Maigida ya ce mu koma saye wajen manomi kai tsaye. Waɗanda suka saba, yaya kuke yi?

Baban Khadija, Bichi:
Wa alaikumus salam. Ni manomi ne, kuma zan faɗa miki gaskiya, Hajiya: mu ma a cikinmu akwai masu zubawa. Ƙwari ba sa ɗaga wa wake ƙafa, cikin 'yan watanni sai ki ga buhu ya zama gari, mutum kuma yana kallon wahalar daminarsa tana tafiya. Saboda haka sanin manomi kaɗai bai isa ba. Ki saya da kaka, lokacin da ake sussuka, kafin ya shiga ɗakin ajiyar kowa. Ki ɗauki ƙwaya ki ciza. Idan ta fashe ƙas, ya bushe. Sai ki zuba a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, ki matse iska, ki ɗaure kowane baki daban. Ƙwarin da ke ciki rashin iska zai kashe su. In babu, jarka mai tsabta ma tana yi, amma ki cika ta har baki, kuma kada a riƙa buɗewa kullum. Na cefanen wata ki ware shi gefe.

Malam Abu Hanifa, malamin gona:
Abin da kika shaƙa mai yiwuwa dichlorvos ne, wani sinadarin kashe ƙwari. Shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, kuma NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ta sha gargaɗi a kan zuba shi a abinci. Amma ni wanda ya fi tayar min da hankali shi ne wanda ba ya wari: gubar afulatoksin, da fumfuna ke haifarwa a gyaɗa da masara idan an shanya su a ƙasa ko an ɗura su da danshi. Tana lalata hanta, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Ki tambayi manomin a kan me yake shanya. In ya ce tamfal, alama ce mai kyau. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe da ake watsawa a gona don rage wannan guba, sai ki tambaya ko yana amfani da shi. Gyaɗar da ta yi baƙi ko ɗaci, a tsince a zubar, kada a ce za a yi ƙuliƙuli da ita.

Hajiya Inna:
'Yata, kar ki manta da ganye. Latas da alayyafo ki san da wane ruwa aka yi ban-ruwa, don wanda aka shuka a bakin Jakara, rafin da ke kwashe dattin birnin Kano, daban yake da na Kadawa mai shan ruwan dam ɗin Tiga. Mu a unguwarmu gida biyar muke haɗa kuɗi, ƙanin mijina ya je Kura ya ɗauko tumatir kwando guda, mu raba, mu yanka mu shanya.

Maman Sadiƙ:
Allah ya saka da alheri. Baban Khadija, buhun nan sau ɗaya ake amfani da shi?

Baban Khadija:
A'a, muddin leda ba ta huje ba, zai yi miki wata kakar. Kafin ki zuba, ki hura ta ki danna ki ji ko iska na fita. Ki ɗora buhun a kan katako nesa da bango saboda ɓera.